BABI NA UKU: GIRBIN HAƊIN SINADARAI DA SAUYIN MAKAMASHI

3.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka haɗa sinadarai domin a sami wani sabon abu, akwai tambayoyi guda biyu da suke tasowa. Ta farko ita ce, nawa za a samu daga abin da aka zuba? Ta biyu kuwa ita ce, wane irin zafi aikin zai ci, ko kuma zai fitar? Sau da yawa akan koyar da ɗalibai waɗannan batutuwa a rarrabe, tamkar babu abin da ya haɗa su. Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa ɗaya yana rataye da ɗaya, domin kuwa sanin ko haɗi mai shan zafi ne ko mai fitar da shi, shi ne yake nuna abin da ƙarin wuta zai yi wa yawan abin da za a samu.

Domin a fito da wannan magana fili, an zaɓi misalai guda biyu da suka shafi rayuwar yau da kullum. Na farko shi ne ƙona dutsen farar ƙasa, wanda shi ne matakin farko na yin siminti a masana'antu irin na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Jihar Gombe da kuma Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Na biyu shi ne haɗa amoniya, wadda daga gare ta ake yin takin zamani na yuriya da manoma suke zuba wa masara da shinkafa da dawa.

Dangane da kalmomi, an yi amfani da kalmar "haɗi" wajen nufin duk wani sauyi da yake mayar da sinadari ya zama wani sinadarin daban, ko ta hanyar haɗuwa ne ko ta hanyar rabuwa. An aro kalmar "girbi" daga harkar noma domin a nufi yawan abin da haɗi ya haifar. Kalmar "makamashi" kuwa tana nufin ƙarfin yin aiki, wanda a wannan babi galibi yana bayyana ne a matsayin zafi.

3.1 Tushen Lissafin Girbi

Lissafin girbi ya ginu ne a kan wata doka da masanin nan na ƙasar Faransa, Antoine Lavoisier, ya bayyana a cikin littafinsa na shekarar 1789. Dokar tana nuna cewa a cikin haɗin sinadarai ba a ƙirƙirar nauyi, ba ya kuma salwanta. Ƙwayoyin zarra da aka fara da su, su ne dai ake ƙarewa da su, sai dai sun sake abokan zama. Ke nan idan aka ga itace ya ƙone ya bar 'yar toka kaɗan, sauran nauyinsa bai ɓata ba, ya tashi ne sama a matsayin iska da tururi da hayaƙi.

Da yake ƙwayar zarra ta yi ƙanƙantar da ba za a iya ƙirga ta ɗaya-ɗaya ba, masana suna amfani da wani ma'auni da ake kira mol. Kamar yadda ɗan kasuwa ba ya ƙirga ƙwayar gero sai dai ya auna ta da tiya, haka shi ma masanin sinadarai yake auna ƙwayoyin zarra da mol. Mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 6.02 × 10²³, kuma kowane sinadari yana da nasa nauyin. Mol ɗaya na ƙwayoyin haidirojin giram 1 ne, na kabon giram 12, na naitirojin giram 14, na oksijin giram 16, na kalsiyam kuma giram 40.

Alal misali, sinadarin da ya fi yawa a cikin dutsen farar ƙasa ana rubuta shi CaCO₃, wato kalsiyam ɗaya da kabon ɗaya da oksijin uku. Nauyin mol ɗaya nasa shi ne 40 a tara da 12 a tara da 48, wato giram 100. Idan aka gasa shi da zafin da ya kai kimanin digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, sai ya rabu gida biyu kamar haka:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Abin da yake zama a cikin tanderu shi ne ƙonanniyar farar ƙasa, CaO, mai nauyin giram 56. Abin da yake ficewa kuma shi ne iskar kabon dayoksaid, CO₂, mai nauyin giram 44. Idan aka tara 56 da 44 za a sami 100 daidai, kamar yadda dokar ta nuna.

3.2 Girbin Haɗi

3.2.1 Girbin Lissafi da Girbin Zahiri

Girbin lissafi shi ne iyakar abin da haɗi zai iya bayarwa idan komai ya tafi daidai, babu asarar ko ƙwaya ɗaya. Ana samun sa ne a kan takarda kafin a kunna wuta. Bisa ga bayanin da ya gabata, kilo 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa ba zai taɓa ba da fiye da kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa ba, komai ƙwarewar mai aikin kuma komai ingancin tanderunsa.

Girbin zahiri kuwa shi ne abin da aka ɗora a kan sikeli aka auna bayan an gama aiki. Wannan ba a sanin sa ta hanyar lissafi, sai an yi aikin an gani. Idan aka raba girbin zahiri da girbin lissafi, sannan aka ninka da 100, abin da aka samu shi ake kira kason girbi.

A ƙaddara an ƙona kilo 200 na tsantsar dutse. Girbin lissafi zai kasance kilo 112. Idan bayan an tace an sami kilo 98 na ƙonanniyar farar ƙasa, to kason girbi shi ne 98 a raba da 112 a ninka da 100, wato kashi 87.5 cikin 100.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kula da shi a nan. A ƙaddara an zuba kilo 100 na tsantsar dutse a tanderu, da aka kwashe sai sikeli ya nuna kilo 65. Wanda bai lura ba zai raba 65 da 56 ya ce ya sami kashi 116 cikin 100, har ya yi murna. Alhali kuwa yawan nauyin alama ce ta cewa wuta ba ta ratsa cikin dutsen ba. Nauyin da ya kamata ya fice shi ne kilo 44, amma kilo 35 ne kawai ya fice, wanda yake nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na dutsen ne ya ƙone. Saboda haka duk lokacin da kason girbi ya haura 100, to ko dai abin da aka auna yana gauraye da wani abu, ko yana da danshi, ko kuma an yi kuskure wajen awo.

3.2.2 Sinadari Mai Iyakance Girbi

Idan haɗi yana buƙatar sinadarai biyu ko fiye, wanda ya fara ƙarewa shi ne yake yanke yawan girbi. Mai buga bulo da yake da tifa guda ta yashi amma buhun siminti biyu kacal, yawan bulonsa yana hannun siminti ne, yashin da ya rage kuma zai ci gaba da zama a jibge. Haka abin yake a wajen haɗa amoniya:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

Wannan yana nufin giram 28 na naitirojin yana buƙatar giram 6 na haidirojin domin a sami giram 34 na amoniya. To idan aka kawo kilo 28 na naitirojin amma kilo 3 kawai na haidirojin, girbin lissafi ya zama kilo 17, sannan kilo 14 na naitirojin zai rage ba a taɓa shi ba. Don haka a kullum ana lissafin girbi ne daga sinadari mai iyakancewa. A masana'antu kuwa akan bar mai araha ya yi rara da gangan, domin a tabbatar an cinye mai tsadar.

3.2.3 Dalilan Raguwar Girbi

Dalilan da suke sa girbin zahiri ya gaza girbin lissafi sun kasu kashi huɗu. Na farko, rashin tsarkin kayan aiki, domin dutsen da ake fasowa daga ƙasa yakan zo da yashi da laka. Na biyu, asara wajen sarrafawa, kamar abin da yake maƙalewa a jikin mazubi ko wanda yake tashi a matsayin ƙura. Na uku, haɗin gefe, wato sinadaran su bi wata hanya su haifar da abin da ba shi ake nema ba. Na huɗu, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga wannan babi, akwai haɗin da yake iya komawa baya, ta yadda abin da aka haifar zai sake warwarewa ya koma asalinsa.

Bugu da ƙari, idan aiki yana da matakai da yawa, asarar kowane mataki tana hawa kan ta baya. Aikin da yake da matakai uku, kowanne da kason girbi 80 cikin 100, a ƙarshe abin da zai rage shi ne kimanin kashi 51 cikin 100, wato an yi asarar kusan rabi.

3.3 Sauyin Makamashi

3.3.1 Asalin Zafin Haɗi

Ƙwayoyin zarra da suke cikin sinadari a ɗaure suke da juna. Kwance wannan ɗauri yana cin makamashi, ƙulla sabon ɗauri kuma yana fitar da makamashi. Kowane haɗi yana ƙunshe da waɗannan ayyuka biyu, kuma bambancin da yake tsakaninsu shi ne sauyin makamashin haɗin. Ana auna shi da kilojul a kan kowane mol. Domin a fahimci girman wannan ma'auni, ana buƙatar kimanin kilojul 4.2 kafin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya.

Za a iya ganin wannan lissafi a haɗin amoniya. Kwance ɗaurin da yake tsakanin ƙwayoyin naitirojin biyu yana cin kimanin kilojul 945, domin ɗauri ne mai igiya uku, yana kuma cikin mafiya ƙarfi da aka sani. Kwance ɗauri uku na haidirojin, kowanne kilojul 436, yana cin 1,308. Jimillar abin da aka kashe ke nan 2,253. A ɗaya ɓangaren kuma, ana ƙulla sabon ɗauri guda shida tsakanin naitirojin da haidirojin, kowanne yana fitar da kimanin kilojul 391, wato 2,346. Abin da ya fita ya ɗara abin da aka kashe da kilojul 93, wanda ya yi kusa ƙwarai da kilojul 92 da ake samu ta hanyar awo.

3.3.2 Haɗi Mai Fitar da Zafi da Mai Shan Zafi

Idan abin da ƙullawa ta fitar ya fi abin da kwancewa ta ci, rarar tana fitowa a matsayin zafi, sai a kira shi haɗi mai fitar da zafi. A rubuce akan sa masa alamar ɗebewa, domin sinadaran sun rabu da wani abu daga makamashinsu. Ƙonewar gawayi misali ne: giram 12 na kabon yana fitar da kimanin kilojul 394. Haka nan idan aka zuba wa ƙonanniyar farar ƙasa ruwa, takan yi zafi har ta yi tururi, domin kowane mol yana fitar da kimanin kilojul 65.

Idan kuwa kwancewa ta fi cin makamashi, dole haɗin ya jawo cikon daga waje, sai a kira shi haɗi mai shan zafi, a kuma sa masa alamar tarawa. Ƙona dutsen farar ƙasa yana cikin wannan rukuni, domin kowane giram 100 yana shan kimanin kilojul 178. Da zarar an janye wuta, aikin ya tsaya. Manomin da ya taɓa narkar da takin yuriya a cikin bokitin ruwa ya ga irin wannan sauyi da idonsa, domin ruwan yakan yi sanyi, saboda narkewar ta janye zafi daga gare shi.

Daga waɗannan alƙaluma za a iya fitar da mafi ƙarancin makamashin da aiki yake buƙata. Tan ɗaya na dutsen farar ƙasa mol 10,000 ne, saboda haka zai sha kilojul 1,780,000. Da yake giram ɗaya na kabon yana ba da kimanin kilojul 33, ana buƙatar aƙalla kilo 54 na tsantsar kabon. A aikace abin da ake ƙonawa ya fi haka, domin sai an fara ɗumama dutsen kansa, sannan wani zafin yana bin bango, wani kuma yana bin hayaƙi. Ashe ke nan shi ma makamashi yana da nasa adadin na lissafi da kuma na zahiri.

3.3.3 Dokar Hess

A shekarar 1840, Germain Hess, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Rasha, ya nuna cewa jimillar zafin haɗi ba ta dogara da hanyar da aka bi ba, ta dogara ne da inda aka tashi da inda aka sauka. Idan kabon ya ƙone a inda iska ba ta wadata ba, yakan tsaya a kabon monoksaid, CO, ya fitar da kimanin kilojul 111 kawai. Idan shi kuma wannan ya ƙarasa ƙonewa ya zama kabon dayoksaid, sai ya fitar da wasu kilojul 283. Jimillar matakan biyu ita ce 394, daidai da abin da ake samu idan aka ƙone shi kai tsaye.

Wannan lissafi yana da darasi ga masu shiga ɗaki da kaskon garwashi a lokacin hunturu su rufe ƙofa da taga. Ƙarancin iska yana sa wani ɓangare na gawayin ya tsaya a matakin farko, inda yake ba da ƙasa da sulusin zafinsa, sannan ya cika ɗakin da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, amma tana hana jini ɗaukar oksijin har ta kai ga halaka mai barci.

3.3.4 Makamashin Tayarwa

Kasancewar haɗi mai fitar da zafi ne bai nuna cewa zai tashi da kansa ba. Buhun gawayi yana iya shekara a ajiye cikin iska bai kama wuta ba, sai an kawo masa ashana. Dalili kuwa shi ne dole a fara kwance wani ɗauri kafin a ƙulla sabo. Wannan makamashi na farko shi ake kira makamashin tayarwa. Ana iya tsallake shi ta hanyar ƙara zafi, ko kuma a rage tsawonsa ta hanyar amfani da mahanzarci, wato wani sinadari da yake gaggauta haɗi ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Ya kamata a lura cewa mahanzarci ba ya canza yawan zafin da haɗi zai fitar, ba ya kuma ƙara iyakar girbi. Aikinsa kawai shi ne rage lokaci.

3.4 Dangantakar Girbi da Makamashi

3.4.1 Ƙa'idar Le Chatelier

A haɗin da yake iya komawa baya, akan kai wani matsayi inda saurin tafiya gaba da saurin komawa baya suke yin kunnen doki. A wannan matsayi na daidaito, haɗin bai tsaya ba, amma yawan kowane sinadari ya daina canzawa. A shekarar 1884, Henri Le Chatelier na ƙasar Faransa ya bayyana cewa idan aka takura wa irin wannan daidaito ta hanyar canza zafi ko matsi ko yawan wani sinadari, to zai karkata zuwa ɓangaren da zai rage takurar.

Abin da wannan yake nufi game da zafi shi ne, idan aka ƙara wuta, daidaito zai karkata zuwa ɓangaren da yake shan zafi. Ke nan ga haɗi mai shan zafi, ƙarin wuta ƙarin girbi ne. Ga haɗi mai fitar da zafi kuwa, ƙarin wuta raguwar girbi ne.

3.4.2 Misalin Dutsen Farar Ƙasa

A wajen ƙona dutsen farar ƙasa babu wata sarƙaƙiya, domin zafi yana yin amfani ta fuska biyu a lokaci guda: yana gaggauta aikin, yana kuma ƙara girbi. Har ila yau, ana barin iska ta ratsa tanderu ta kwashe kabon dayoksaid da zarar ya fito, don kada ya sake haɗuwa da ƙonanniyar farar ƙasa. Da wannan dabara ake iya kai girbi kusa da iyakarsa. Abin da yake takura wa mai wannan aiki shi ne kuɗin makamashi.

3.4.3 Misalin Amoniya

Kimanin kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma tsirrai ba sa iya amfani da shi a haka saboda ƙarfin ɗaurinsa. A shekarar 1909, Fritz Haber ya nuna a birnin Karlsruhe na ƙasar Jamus cewa ana iya haɗa shi da haidirojin a sami amoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF shi ne ya mayar da gwajin ya zama masana'anta, wadda ta fara aiki a Oppau a shekarar 1913. Abokin aikinsa, Alwin Mittasch, shi ne ya gano mahanzarci na baƙin ƙarfe bayan dubban gwaje-gwaje. An ba Haber lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1918, shi kuma Bosch ya sami tasa a 1931.

Matsalar da suka fuskanta ita ce irin wadda Bahaushe yake kira gaba kura baya sayaki. Haɗin mai fitar da zafi ne, saboda haka girbinsa ya fi yawa a ƙaramin zafi. Amma a ƙaramin zafi ɗaurin naitirojin ba ya kwancewa da sauri, sai a daɗe ana jira ba a sami abin kirki ba. Idan kuma aka ƙara zafi domin a sami sauri, sai girbi ya faɗi. Jadawalin da ke ƙasa yana nuna kimanin kason amoniya a cikin gaurayen iskar idan an kai matsayin daidaito:

Zafi digiri 200: kashi 81 a matsi 100, kashi 90 a matsi 300
Zafi digiri 300: kashi 52 a matsi 100, kashi 71 a matsi 300
Zafi digiri 400: kashi 25 a matsi 100, kashi 47 a matsi 300
Zafi digiri 500: kashi 11 a matsi 100, kashi 26 a matsi 300

Matsi 100 a nan yana nufin ninki 100 na matsin iskar sararin duniya. Jadawalin ya nuna abubuwa biyu. Na farko, duk lokacin da zafi ya hau, girbi yana sauka. Na biyu, ƙarin matsi yana ɗaga girbi, domin mol huɗu na iska ne suke komawa mol biyu, don haka daidaito yana karkata zuwa ɓangaren da ya fi ƙarancin cin wuri. Sai dai matsi mai yawa yana buƙatar injuna masu cin makamashi da tukwanen ƙarfe masu kauri da tsada.

Mafitar da aka samu ita ce tsaka-tsaki. Galibin masana'antu suna aiki ne a zafin da yake tsakanin digiri 400 zuwa 500, da matsin da yake tsakanin 150 zuwa 250, tare da mahanzarcin baƙin ƙarfe. A zagaye ɗaya, kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai na iskar yake zama amoniya. Daga nan sai a sanyaya gaurayen har amoniya ta zama ruwa a zare ta, sauran naitirojin da haidirojin kuma a mayar da su cikin tukunya su sake zagayawa. Ta wannan hanya jimillar girbi takan kai kimanin kashi 97 cikin 100. Zafin da haɗin yake fitarwa shi ma ba a barin sa ya tafi a banza, da shi ake ɗumama iskar da take shigowa.

3.5 Tasirin Lissafin a kan Farashin Taki

Ko da yake haɗin amoniya yana fitar da zafi, sana'ar gaba ɗayanta mai cin makamashi ce ƙwarai. Dalili shi ne, naitirojin kyauta ne a cikin iska, amma haidirojin sai an ciro shi. Galibi ana samun sa ne daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, wadda mafi yawanta sinadarin metan ne, ta hanyar haɗa ta da tururi:

CH₄ + H₂O → CO + 3H₂

Wannan haɗi mai shan zafi ne, yana cin kimanin kilojul 206 a kan kowane mol. Saboda haka gas yana aiki biyu a masana'antar taki, shi ne kayan haɗi, shi ne kuma abin hura wuta. An ƙiyasta cewa haɗa amoniya yana cin tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na dukkan makamashin da duniya take amfani da shi.

Daga amoniya ake yin yuriya ta hanyar haɗa ta da kabon dayoksaid, inda giram 34 na amoniya yake da girbin lissafi na giram 60 na yuriya. A cikin wannan giram 60, giram 28 naitirojin ne, abin da ya yi daidai da lambar 46 da ake gani a jikin buhu. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na naitirojin.

Wannan ne ya sa masana'antun yuriya na Nijeriya suke kudu, kusa da inda gas yake: ta Onne wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980, da ta Eleme, duka a Jihar Ribas, da kuma ta Dangote a Lekki ta Jihar Legas, wadda aka ƙaddamar a 2022. Shi ne kuma dalilin da ya sa lokacin da farashin gas ya tashi a kasuwannin duniya a shekarun 2021 da 2022, farashin taki ya bi shi, har abin ya taɓa ƙaramin manomi a ƙauye.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa girbin lissafi iyaka ce da dokar nauyi ta gindaya, girbin zahiri kuma shi ne abin da sikeli ya nuna, sannan kason girbi shi ne ma'aunin da yake kwatanta su. An kuma nuna cewa sauyin makamashi yana fitowa ne daga bambancin da yake tsakanin kwance ɗauri da ƙulla shi. Daga ƙarshe an kwatanta haɗi biyu. A wajen dutsen farar ƙasa, wanda yake shan zafi, ƙarin wuta yana kawo sauri da girbi tare. A wajen amoniya, wadda take fitar da zafi, ƙarin wuta yana kawo sauri amma yana rage girbi, shi ya sa aka koma ga matsi da mahanzarci da sake zagayar da iska. Saboda haka kafin a yanke shawarar yawan wutar da za a ba kowane haɗi mai iya komawa baya, wajibi ne a fara sanin alamar sauyin makamashinsa, ta tarawa ce ko ta ɗebewa.